Me Ke Sa Wasu Yara Magana Da Hanci?

A unguwar da na tashi akwai wata yarinya da yara suka laƙaba wa suna "Mama-mama". Dalili kuwa shi ne, idan ta buɗe baki za ta kira mahaifinta, maimakon a ji "Baba" sai a ji "Mama". In aka aike ta sayen daddawa, sai mai daddawa ta yi ta cewa "me kika ce?" har yarinyar ta gaji ta nuna da yatsa. Fuskarta lafiya lau, leɓenta babu tsaga, tana ji in an kira ta, amma maganarta duk ta hanci take fita, kamar mai magana da kansa cikin randa.

Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ta. Wasu suka ce uwar ce ta yi wa wani mai lalura dariya tana da ciki. Kakarta kuwa ta tsaya kai da fata cewa wanzami bai cire mata beli da kyau ba, har aka sake mai da ita wurinsa karo na biyu. Da ta shiga aji ɗaya, malami ya yi ta fama da ita wata guda, daga nan ya mai da ita bencin baya, ya daina kiran sunanta. Sai da ta kai shekara 7, aka kai ta asibiti saboda kunnenta yana zubar da ruwa, sa'an nan wata nas ta haska bakinta da tocila, ta sa yatsa ta shafa rufin bakin, ta ce wa uwar, "Mama, ai 'yarki da wannan aka haife ta, kuma ana gyara shi."

Shekara bakwai ke nan aka yi ana neman magani a inda ciwo ba ya nan. Domin kada a ci gaba da irin wannan asara, ya kamata mai karatu ya san yadda magana take fita daga jikin mutum, gama wanda bai san hanya ba, ba zai gane inda ta toshe ba.

Daga huhu zuwa leɓe

Magana numfashi ce da aka sarrafa. Iska tana tasowa daga huhu, ta bi bututun maƙogwaro, ta iso wani ɗan akwati na guringuntsi da ke wuya, wanda a jikin maza yake turo kai waje, muna ce masa zakaran wuya. Malaman Hausa a makarantu suna kiran wurin maƙwallato. A cikinsa akwai tantani biyu da ke kwance gefe da gefe. Sa'ad da muke numfashi kawai, a buɗe suke. Sa'ad da za mu yi murya sai su matso juna, iska ta ratsa tsakaninsu, su yi ta karkarwa. Na namiji babba sukan kaɗa wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200 ko fiye, na ƙaramin yaro kuwa har wajen 300. Shi ya sa ko ba ka ga mai sallama ba, ka san ko namiji ne ko mace. Wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen mai suna Manuel Garcia ya yi amfani da ƙaramin madubin likitan haƙori da hasken rana a shekarar 1854, ya kalli nasa tantanin suna motsi yana cikin waƙa, kuma daga nan likitoci suka ɗauki dabarar leƙa maƙogwaro da madubi.

Ga Bahaushe wannan tantani yana da aiki biyu. Ban da ba da murya, shi ne ke ɗaga ta ya sauke ta, kuma a Hausa hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, karin murya kaɗai ya raba su.

To, amma ƙarar da tantanin ke yi ita kaɗai ba magana ba ce. Ƙugi ne kawai mara daɗi. A ɗauki misalin goge ko gurmi. Idan aka ɗaure tsirkiya a jikin sanda babu ƙwarya, aka kaɗa, da ƙyar na kusa zai ji. Ƙwaryar ce ke karɓar sautin, ta cika shi, ta ba shi amo. Mutum yana da irin waɗannan ƙore guda uku: kogon maƙogwaro, da kogon baki, da kogon hanci. Bambancinmu da goge shi ne, tamu ƙwaryar tana canza siffa a kowane lokaci. Muƙamuƙi ya sauka, harshe ya kwanta, sai a ji "a". Harshe ya tashi ta gaba, leɓe ya baje, sai a ji "i". Ya tashi ta baya, leɓe ya zumɓure, sai a ji "u". Muryar ɗaya ce, ƙwaryar ce ta sāke.

Baƙaƙe kuwa ana yin su ne ta wurin tare wa iska hanya, ko a matse mata ita. Leɓe biyu su haɗu, a sami "b" da "m". Tsinin harshe ya taɓa tudun da ke bayan haƙoran sama, wanda ake kira hanƙa, a sami "t" da "d" da "n". Idan mai karatu ya ja harshensa baya daga wannan tudu zai ji rufin baki mai tauri, ƙashi ne, sunansa ganɗa. In ya ƙara ja baya zai ji inda ƙashin ya ƙare, sai nama mai laushi. Wannan ita ce hanɗa, kuma a ƙarshenta ne beli yake reto. A nan bayan harshe ke taɓawa a faɗi "k" da "g". Harshen kansa tsoka ce zalla, iri takwas a saƙe da juna, babu ƙashi a ciki, shi ya sa yake iya bambanta abin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba. Bara na yaron gida da bara na almajiri, a rubuce abu ɗaya ne, amma a ɗaya harshe yakan naɗe ya bugi rufin baki sau ɗaya, a ɗayan kuwa karkarwa yake yi.

Ƙofar da ba a gani

Hanɗa ita ce kan maganarmu, domin ƙofa ce. Tana rataye tsakanin bayan baki da bayan hanci. In muna numfashi ta hanci tana sake, ƙofa a buɗe. In za mu haɗiye abinci sai tsokokinta su ɗaga ta sama da baya, ta manne da bangon maƙogwaro, bangon kuma ya matso daga gefe, hanyar hanci ta rufe, don kada kunu ya fito ta hanci. Haka take yi a magana. A dukan baƙaƙen Hausa, "m" da "n" ne kaɗai ake buɗe wa wannan ƙofa. Sauran duka sai a rufe. Mutum ya ce "tambaya", ƙofar ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa, kafin ƙiftawar ido, kuma bai san an yi ba.

Mai karatu ya gwada yanzu. Ka toshe hancinka da yatsa biyu, ka ce "Baba ya tafi kasuwa". Ba abin da zai canza, domin da ma iska ba ta bin hanci. To, ka bar shi a toshe ka ce "Mama na nan". Za ka ji maganar ta shaƙe, "Mama" tana neman komawa "Baba". Abin da ke faruwa ke nan ga mai mura, haka kuma ga yaron da wata tsoka ta kumbura a bayan hancinsa, wanda kullum bakinsa a sake, yana minshari da dare. Wannan ita ce matsala ta ɗaya: ƙofa ko hanyar hanci ta toshe a inda ake so ta buɗe.

Matsala ta biyu kishiyar wannan ce, kuma ita ce ta yarinyar unguwarmu. Ƙofa ba ta rufuwa. Kafin a faɗi "b" sai an tara iska a baki kamar yadda ake tare ruwa a madatsa, sa'an nan a sake ta gaba ɗaya. In ƙofar baya a buɗe take, iska ta tsere ta hanci, sai "b" ta zama "m", "d" ta zama "n", "s" kuwa ta koma huci. Ana iya ganin wannan da ido. A riƙe ƙaramin madubi mai sanyi ƙarƙashin hancin yaro, a sa shi ya ce "Baba ya ba Audu tabarau", ko wata jimla da babu "m" babu "n". In madubin ya yi hazo, iska na tsiyaya.

A ganina Hausa ta fi harsuna da yawa tsananta wa irin wannan yaro, saboda baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ka ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "ƙa". Za ka ji ya yi tsalle sama. Ka ce "ɓa" ko "ɗa", za ka ji ya yi ƙasa. Wajen faɗin "ƙ" da "ts" ba iskar huhu ake amfani da ita ba. Tantanin maƙwallato ne ke rufewa, maƙwallaton ya haura kamar famfo ya matse ɗan iskar da ke tsare a baki, ya tunkuɗo ta. Wajen "ɓ" da "ɗ" kuwa sauka yake yi ya zuƙo. Famfo kuwa ba ya aiki in tiyo ya huje. Saboda haka yaron da ƙofarsa ba ta rufuwa yakan kasa raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, ko da kuwa ya san bambancinsu sarai a kunnensa.

Yaro kuma ba ya zama haka kawai. Da ya ga iska ba ta taruwa a baki, sai ya nemi inda zai tare ta kafin ta kai ga ɓular, watau can ƙasa a maƙogwaro. Sai ya riƙa sa hamza a madadin "t" da "k" da "b", ya ce "a'a" yana nufin kaka. Wani kuma yakan yamutse hanci yana magana, yana ƙoƙarin matse ƙofofin hancin. Waɗannan dabaru ne na mai hankali, ba na dolo ba. Amma in suka zauna a baki shekara da shekaru, fitar da su ya fi ɗinkin kansa wuya.

Yadda tsagar take samuwa

Fuskar jariri ba a dunƙule take farawa ba. Ɓangarori ne ke tahowa daga gefe da sama su haɗu a tsakiya. Leɓen sama yakan haɗe tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, rufin baki kuma daga wajen mako na 6 zuwa ƙarshen wata na uku. Ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓen kowa, alamar inda aka haɗu ce. Idan haɗuwar ba ta cika ba, sai a haifi jariri da tsagar leɓe, ko tsagar rufin baki, ko duka biyu. A lissafin duniya gaba ɗaya, wajen jariri 1 cikin 700 ake haifa haka.

A lura da lokacin. Abin ya riga ya faru tun kafin mata da yawa su tabbatar suna da juna biyu. Saboda haka ba abin da uwa ta gani a kasuwa tana wata shida, ko dariyar da ta yi, ko fitar da ta yi da tsakar rana, da zai tsaga leɓen da ya riga ya haɗe. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin su ne gado, da shan taba ko zama cikin hayaƙinta, da ciwon sukari da uwa take da shi kafin ciki, da wasu magungunan farfaɗiya. Mace mai farfaɗiya kada ta bar maganinta da kanta, ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki domin ya zaɓa mata wanda ya dace. Amma a mafi yawan lokuta ba a iya nuna dalili guda, kuma babu laifin kowa.

Tsagar leɓe ba ta ɓuya, ranar haihuwa kowa ya gani. Tsagar rufin baki ita kaɗai kan wuce ba a lura ba, sai an ga jariri ba ya iya kama nono, yana tsotso har ya gaji bai ƙoshi ba, madara na fitowa ta hanci, yana ramewa. Tsotso ma sai da rufaffiyar ƙofa. Irin wannan jariri ba ƙin nono yake yi ba. A tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta, ko bulumboti na musamman da ake bayarwa a asibiti, a riƙe shi a zaune ba a kwance ba, a riƙa sa shi gyatsa akai-akai domin yana haɗiyar iska da yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama likita ba zai yi wa jaririn da ya rame aiki ba sai ya yi ƙwari.

Akwai kuma nau'i na uku, mai ɓoyewa. Fatar rufin baki ta haɗe sumul, amma tsokar da ke ƙarƙashinta ba ta haɗu a tsakiya ba. Ƙofa tana nan, amma igiyar da ke jan ta a tsinke take. Alamunsa uku ne: beli mai rabe biyu kamar wutsiyar kifi, da wani layi mai shuɗi-shuɗi a tsakiyar hanɗa inda fata ta yi siriri, da ɗan gurbi da yatsa ke ji a ƙarshen ƙashin ganɗa. Wannan gurbi ne nas ɗin nan ta shafo.

Askar wanzami

A nan ne al'adarmu ta cire beli ta shigo. A ƙasar Hausa, a Nijeriya da Nijar, har zuwa Chadi da Sudan da Habasha, akan yanke wa jariri beli cikin makon farko, a wurinmu sau da yawa kwana uku da haihuwa ko ranar suna. Babba ma in tari ko ciwon wuya ya dame shi akan ce belinsa ne ya sauko. Ana tsoron zai girma ya toshe maƙogwaro ko ya hana shan nono. Beli kuwa ba cuta ba ne, kowane ɗan Adam da shi aka haife shi.

Sai a faɗi gaskiya. Mutane da yawa an cire musu beli, suna magana garau, domin a Hausa babu baƙin da ake furtawa da beli, ba kamar Larabci ko "r" ta Faransanci ba. Wannan ne ke sa in aka yi magana sai dattawa su ce, "Mu ai an yi mana, me ya same mu?" Amma wanda ya rayu ne ke ba da labari. Ana yin yankan ne a bakin jariri mai kuka yana wutsil-wutsil, da ƙarfen da ba a dafa ba. Jini na iya ƙin tsayawa, jariri kuwa ba shi da jinin da zai yi asara. Guntun naman ko jinin na iya faɗawa hanyar iska. Ciwon sarƙe-haƙora da ciwon hanta da ƙanjamau duk suna bin aska. Ta fuskar magana kuma, in askar ta zarce ta ci hanɗa, tabon da zai biyo baya yakan ɗaure ta ya gajarta ta, sai yaron da aka haifa da ƙofa lafiyayya ya tashi da maganar hanci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na yaro mai ɓoyayyiyar tsaga. Beli mai rabe biyu shi ne alamar da ta fi sauƙin gani, wadda ko ma'aikacin ƙaramin asibiti zai hango da tocila. Aska ta ɗauke wannan shaida tun yaro yana kwana uku, ta kuma rage ɗan naman da yake taimaka masa rufe ƙofar. Yarinyar unguwarmu sau biyu aka yi mata. Wanzamai mutane ne masu daraja a cikinmu, kuma su ne kan fara duba bakin jariri kafin kowa. Da za su riƙa dubawa su ajiye askar, in sun ga beli mai rabe biyu ko rufin baki a tsage su ce a tafi asibiti, da sun yi aikin da likitoci ɗari ba za su iya ba.

Kada a manta da kunne. Akwai wani siririn bututu da ya taso daga bayan dodon kunne ya sauko bayan hanci, wanda ke shigar da iska cikin kunne. Tsokar hanɗa ce ke buɗe shi duk sa'ad da muka haɗiye miyau. In tsokar ba ta daidai, ruwa yakan taru a kunne, ji ya ragu. Yaro ke nan yana fama da abu biyu: ba ya jin sautin sosai, wanda ya ji kuma ba ya iya fitar da shi. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ko da ba a ga kome a bakinsa ba, a fara auna jinsa. Manyan asibitoci suna yi, kuma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa a Kaduna.

Gyara, da lokacinsa

A shekarar 1819 wani saurayi ɗan Kanada mai suna John Stephenson, wanda ke karatun likita, ya je birnin Paris. Likitan fiɗa Philibert Roux ya ji yadda yake magana da hanci, ya duba bakinsa, ya ɗinke masa hanɗa, a zamanin da babu allurar barci. Saurayin ya rubuta kundinsa na gama karatu a kan wannan aiki da aka yi masa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa makarantar likitoci ta Jami'ar McGill. Aikin da aka fara fiye da shekara 200 da suka wuce ba sabon abu ba ne da za a ji tsoronsa.

A yau akan ɗinke leɓe yaro yana wata 3 zuwa 6, rufin baki kuwa tsakanin wata 9 da 18. An zaɓi wannan lokaci ne domin a gyara ƙofa kafin yaro ya kafa al'adar magana. Likita ba ɓula kawai yake rufewa ba, yakan kwance tsokar daga inda ta manne a karkace, ya haɗa ta a tsakiya domin ta iya ja. A nan iyaye da yawa ke yin kuskure. Da an ɗinke leɓe, fuska ta yi kyau, mutane sun daina kallo, sai a ƙi komawa aiki na biyu. Leɓe shi ake gani, amma rufin baki shi ke magana. Asibitocin koyarwa na Jos da Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin wannan fanni, kuma ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin aikin a asibitocin da take haɗin gwiwa da su a Nijeriya. Iyaye su tambaya kafin su sayar da akuya. Wanda ya wuce shekarun nan ma ana yi masa, har babba, sai dai gyaran maganar zai fi jan lokaci. Wasu sukan bukaci aiki na biyu a bayan maƙogwaro, wasu kuma likitan haƙori ya yi musu ɗan faranti da ke toshe ɓular.

Ba duka ɓular baki ce ta haihuwa ba. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wadda wasu ke ce wa zaizayar baki. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da yunwa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu da leɓe har ƙashi. In ba magani, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki suna tsai da ita. Waɗanda suka tsira sukan rasa leɓe ko rufin baki, wasu muƙamuƙinsu ya ɗaure ba ya buɗuwa. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman haka.

Akwai kuma matsalolin da ake jingina wa harshe alhali ba nasa ba ne. In'ina ba ta da alaƙa da tsawon harshe ko nauyinsa. Daga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara lokacin furuci take, tana bin jini a wasu gidaje, takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma yawancin yara suna wuce ta, sai wajen mutum 1 cikin 100 ke girma da ita. Turawa ma sun taɓa faɗawa wannan kuskure. A 1841 wani likitan Jamus, Dieffenbach, ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina, wasu suka kwaikwaye shi, aka yi asarar rayuka, aka watsar. Haka batun linzami, ɗan zaren nan na ƙarƙashin harshe. In ya yi gajarta ƙwarai yakan hana jariri kama nono, kuma likita na sakinsa cikin minti kaɗan, amma ba shi ke hana yaro fara magana ba. Tsamin baki na yaro ɗan shekara uku da ke ce wa ruwa "luwa" kuwa ba abin damuwa ba ne, "r" na cikin baƙaƙen da ke zuwa daga baya. Abin dubawa shi ne yaron da ya shekara bai fara gwalantu ba, ko ya kai biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya kai huɗu baƙo ba ya gane abin da yake faɗi.

An yi wa yarinyar unguwarmu aiki tana shekara 8. Uwar ta zaci daga tashi za a ji magana garau, da ba ta ji ba sai ta yi kuka ta ce an cuce su. Ba a cuce su ba. Ƙofa ta gyaru, amma bakin bai sani ba, yana nan yana tare iska a maƙogwaro kamar yadda ya saba. Masu koyar da gyaran furuci kaɗan ne ƙwarai a arewa, sai aka nuna wa yayarta abin da za ta riƙa yi a gida. Ba hura balan-balan ba ne, gama an gano hurawa ba ta koya wa baki furuci. Sauti ɗaya ake ɗauka a lokaci guda. Su zauna gaban madubi, yarinyar ta ga leɓenta sun haɗu, ta toshe hanci da yatsa ta ji iska ta taru a kumatu, ta saki ta ce "ba". In ya zauna sai a cire yatsan, a sa sautin cikin kalma, sa'an nan cikin jimla. Minti goma da safe, goma da yamma. "B" ta ci mako uku. "K" ta fi ba da wuya, sai da aka bi ta hanyar kurkure maƙogwaro da ruwa kafin ta gane inda bayan harshe ke taɓawa. "Ts" ce ta zo ƙarshe, bayan fiye da shekara guda. Har ta girma akwai ɗan amon hanci a muryarta in ta gaji, kuma karatun da ta rasa a bencin baya sai da ta maimaita aji biyu kafin ta cim ma sa'o'inta.